Cefane ya dawo kaina, jari kuma ba ya kwana: ku yaya kuka yi?

Mai man gyaɗa, Hausare, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Kullum na wasu nake karantawa, yau nawa na kawo. Baban yarana zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallakowa da shi nan Kamaru, yake sayarwa a bakin titi, tebur ɗaya da kwalabe da mazurari. Ba mu yi arziki ba, amma ban taɓa sanin nawa ake sayar da kwanon masara ba. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, jarkar da ake tsallako masa da ita daga Najeriya ta yi tsadar da ribar ba ta sayen ko sabulu. Ya yi ta ciko daga jari har teburin ya zama na ajiye buta.

Na sayar da 'yan kunnena na fara man gyaɗa. Ranar Lahadi in je kasuwar Pitowa in auno, in soya, in murje, in kai inji, in matse mai, tunkuzar in yi ƙuli-ƙuli. Yana fita, alhamdu lillahi. Matsalar ita ce kafin wata Lahadin tukunya ta cinye rabin jarin. Sau uku ke nan ina tashi daga farko.

Ta biyun kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Da asuba nakan zura sefa dubu ɗaya a aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa, ya fita ya dawo da leda kamar da, don kada tsohuwarsa da yara su gane. Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗa ba. Wadda ta bi ta wannan hanyar ta gaya mini yadda ta yi.

Adda, Barmare, Marwa

Ƙanwata, sannu. Zauna in ba ki nawa, don ni na riga ki da kusan shekara goma. Malam atamfa da takalman roba yake ɗaukowa daga Banki ya tsallako Amcide. A 2014 da Boko Haram suka tarwatsa wajen, ya dawo gida da rigar jikinsa da hawan jini. Na kafa kaskon waina, babbar 'yata tana kai talla.

Sai ga 22 ga Yuli 2015, bam ya tashi a babbar kasuwa da nan cikin unguwarmu, kuma 'yan mata ne suka ɗauko shi. Daga ranar duk yarinyar da aka hango da tire a ka da mayafi, sai mutane su dare. Tawa ta dawo da wainar ko ɗaya ba a taɓa ba, tana kuka, wai wani mai shago da ya san ta tun tana goye ya daka mata tsawa ta tsaya daga nesa. Na sauke tiren ban sake ɗora mata ba. Na fasa katangar zaure na fitar da 'yar taga, mai so ya zo ya saya. Ciniki ya ragu, amma ina ganin 'yata.

Maganar jari kuwa, gwangwanin Nido biyu na samu. Da na tashi daga kasko, kuɗin shinkafa da mai da itacen gobe su nake fara ƙirgawa in rufe a na farko, in miƙa wa maƙwabciyata ta katanga ta kwana da shi. Abin da ya saura shi ne na tukunya. In dala arba'in ce, miyar dala arba'in za a sha, tasba ce ko kuka ba nama. Yara sun yi ƙorafi na sati biyu suka saba. Muddin gwangwanin yana ɗakinki za ki buɗe shi, don ba uwar da za ta ji kukan yaro da dare ta tuna da Lahadi.

Wata 'yar Kuseri

Adda ta gama magana a kan jari. Ni zancen aljihun rigar ne ya tsaya mini a wuya. Na yi irinsa shekara biyu cur bayan rikicin Disamba 2021 da aka ƙona kasuwa, shagon maigidana na ciki. Da ƙanƙara da ruwan folere, wato zoɓo, na riƙe gidan, ina lallaɓa firiji da wutar da ba ta zama. Da Allah ya buɗa masa, a ranar sunan ɗan ƙaninsa na ji shi da kunnena ta bayan labule yana cewa duk wahalar da aka sha, gidansa bai taɓa kwana bai ba da cefane ba. Maza suna ta sa masa albarka. Ina riƙe da tiren shinkafa, saura kaɗan ya suɓuce. Ba godiya a gaban jama'a nake nema ba, amma ko a ɗaki bai taɓa cewa sannu ba. Na rufa masa asiri har shi kansa ya manta akwai abin da aka rufe.

Hajiya, Ngaundare

'Yata ta Kuseri, na ji zafinki, kuma ba zan ce ki yi haƙuri kawai in wuce ba, don an cika gaya mana haka. Amma ladanki bai bi bakinsa ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu ta aika aka tambayar mata Annabi (SAW) game da abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka.

Sai dai ku sani, ciyarwa wajibin miji ce ko matar ta fi shi kuɗi. Abin da kika bayar, ke ce mai zaɓi: kyauta ko rance. Ni da Alhaji ya karye a fataucin shanu, na zaunar da shi bayan isha, ƙofa a rufe, na ce Alhaji, na abinci sadaka ne, na haya da na makarantar yara bashi ne. Ya yi kwana uku yana shan ƙamshi. Amma da ya farfaɗo ya biya, har da ɗan ƙari da ban nema ba. Mai man gyaɗa, ci gaba da sa masa a aljihu saboda tsohuwa, amma ku biyun ku yi maganar da baki.

Wata 'yar Kuseri

Hajiya, da na same ki tun farko. Yanzu in na tayar da zancen cewa za a yi gori nake.

Maman 'yan biyu, Waliya, Njamena

Ni ba ni da aljihun da zan sa wa, maigidan ya tafi neman zinariya arewa, sai waya jefi-jefi. Ina tsallaka gadar Ngeli in saro kaya a Kuseri in kasa a ƙofar gida. Ambaliyar Oktoba 2022 ta same ni da buhun sukari da na fulawa a tsakar ɗaki, ranar na sauke su. Yaran na ɗauka, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Sukari kuwa kogin Shari ya sha shayi da shi. Abin da ya tashe ni zubin adashi ne, matan suka yarda aka ba ni kwasar da ba tawa ba. Tun daga nan ba na zuba duk jarina a kaya, wani abu yana Airtel Money, lambar sirrin kuma ko 'yar uwata ba ta sani ba.

Ungozoma, Gidar

Bari in shigo ta inda nake gani kullum. Tukunya a hankali take cin jari, ciwo kuwa loma ɗaya yake masa. Mata nawa na gani sun sayar da akuya da keken ɗinki a dare ɗaya saboda haihuwa ta zo da gardama. Duk mai ciki a jihohin arewacin Kamaru uku ta nemi takardar nan ta Chèque Santé tun awon farko. Sefa 6,000 ce, ta ɗauki awo da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawar kwana 42 bayan an sauka. Kuma ku karɓi takardar haihuwar yaro da wuri. Ni da kaina na yi sakaci da ta autana, sai da jarrabawar CEP ta kammala firamare ta zo aka ce sai an bi ta kotu, na kashe abin da ya fi ƙarfin albashina na wata, ga zirga-zirga. Ungozoma guda, ku ji fa.

Mai man gyaɗa, Hausare, Garwa

Allah ya saka muku da alheri, na karanta har sau biyu. Adda, na samo gwangwani, sai dai maƙwabciyata ta fi ni buƙata, don haka gidan Goggona a Yelwa zai riƙa kwana.

Hajiya, jiya bayan isha na rufe ƙofa. Na shirya magana tun la'asar, da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa gyaɗa ta yi tsada. Ya yi shiru, can ya ce ranar Lahadi in bar masa zuwa Pitowa, ya fi ni iya ciniki, kuma zai ari moton abokinsa mu huta da kuɗin mota. Zancen aljihu dai ban kai gare shi ba. Yau da asuba na je zura kuɗin na tarar ya sauke rigar daga ƙusa, ya shimfiɗa ta a kan buhun ƙuli-ƙuli. Ban san me yake nufi ba. Na sa a ciki.