Neman shawara: an sayar da manhajar da nake riƙe lissafin ƙungiya da ita

Mai Albasa, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyun nan barci ya ƙaurace min. Ni nake riƙe da lissafin ƙungiyarmu ta masu lodin albasa daga Garwa da Marwa zuwa Yawunde da Duwala. Aikin na baffana ne, Allah ya jiƙansa, da littafi da biro ya yi shi har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ni ya damƙa wa alhali ga 'ya'yansa na cikinsa. Har yau abin bai musu daɗi ba, babban ma tun sadakar arba'in bai ƙara amsa gaisuwata ba, ko a masallaci muka haɗu sai ya kau da kai. Shi ya sa ba na son ko sisi ya salwanta a hannuna. Masu saye na kudu a WhatsApp suke, mutanenmu na Njamena sun fi son Messenger, wasu direbobin kuma sai Telegram. Ɗan yayata da ke karatu a Ngaundere ya sa min Beeper, wadda ke tara su duka wuri ɗaya, na huta. Yanzu kuma shi ɗin ne ya ce min ashe tun Afrilun 2024 aka sayar da ita ga wani kamfani Automattic, wai mu tashi mu kafa namu a kan wani abu Matrix, har ya faɗi kuɗin aikin. Ranar Juma'a akwai zaman ƙungiya. In kai maganar ko in yi shiru?

Injiniya, Ngaundere: Wa alaikumus salam Yaya. Yaron nan ya faɗi gaskiya, ku tashi kawai. Automattic su ne masu WordPress.com da Tumblr. Rahotanni sun ce dala miliyan 125 suka biya, kuma a Oktoban 2023 sun riga sun sayi Texts.com a kan dala miliyan 50, ita ma aikinta ke nan, tara saƙonni. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba sadaka ya fito yi ba. Ga shi a 2025 sun fito da tsarin biyan kuɗi duk wata, shi kuma Eric Migicovsky da ya kafa Beeper ya koma sana'arsa ta agogon Pebble. Dubi Skype: Microsoft ta saye ta dala biliyan 8.5 a 2011, a Mayun 2025 ta rufe ta. Matrix kuwa ƙa'idar aika saƙo ce da aka buɗe wa kowa tun 2014, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa ta isa. Za ku kafa uwar garkenku, wato kwamfutar da saƙonni ke kwana a ciki, kowa ya sa Element, manhajar hira ta Matrix, a wayarsa, shi ke nan. Gwamnatin Faransa ma a kan Matrix ta gina Tchap, manhajar saƙon ma'aikatanta, a 2019. Ɗan haya kake yanzu Yaya, an sayar da gidan da kai a ciki.

Hajiya Mai Atamfa, Njamena: Injiniya ka taɓa sayar wa mutum kaya bashi kuwa? Mu nan daga Maris 2018 har Yuli 2019 a toshe WhatsApp da Facebook suke, wata goma sha shida, amma ko mace ɗaya cikin masu sayen kayana ba ta koma wata manhaja ba. VPN muka dinga sawa yana cinye mana kati. Mai saye ba ya bin ka, kai ke bin sa. Ni abin da ya karya ni ma ba kamfani ba ne, yarinyar da na riƙa tun tana ƙarama ce ta tafi da wayar shago da lambobin mutanena duka, ta buɗe nata a bayan layinmu. Har gobe uwarta ba ta zo ta ba ni haƙuri ba. Ƙanena, ka yi hattara da na gida.

Direban Titin Kudu: Duk sanda aka ce zaman ƙungiya na san aljihunmu za a taɓa. Bara taya ta fashe min a gangaren Ngaundere da cikakken lodi, na kwana a daji, wa ya kira ni? A wurin ma babu rezo balle Matrix.

Mai Albasa, Garwa: Hajiya na gode, amma yaron nan a hannuna ya tashi, ba irin wannan ba ne. Direba kai ma ka san ba ni ke yanka kuɗin ƙungiya ba.

Malamin Lissafi, Marwa: Alhaji, akwai abin da Injiniya ya tsallake. Ita kanta Beeper a kan Matrix aka gina ta, kuma gadojin da take haɗa WhatsApp da Telegram da su a buɗe suke, kowa na iya ɗauka. To ko kun kafa naku, mai saye na Duwala yana nan a WhatsApp, dole ku bi ta gadar, ƙofar kuma ta Meta ce, kamfanin da ya mallaki WhatsApp. A Disamban 2023 Beeper ta fito da hanyar shiga iMessage, manhajar saƙon iPhone, daga wayar Android, cikin 'yan kwanaki Apple ta toshe, kafin watan ya ƙare suka haƙura. Dokar Tarayyar Turai da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji daga Maris 2024 ta mutanen Turai ce, ba ta iso Kamaru ba. Shawarata ka zauna inda kake, amma ka kwashe lissafin daga cikin hira ka mayar takarda. Sannan nawa yaron ya ce? In ya gama karatu ya tafi, wa zai riƙa gyara?

Injiniya, Ngaundere: Malam, da wannan tunanin har abada ba za mu mallaki komai ba. WhatsApp ɗin da kuke jingina da ita, da XMPP ta fara, buɗaɗɗiyar ƙa'ida, ta gyara ta ta kulle, Facebook ta saye ta dala biliyan 19 a 2014. Google Talk ma da XMPP take magana da kowa, a 2013 suka juya mata baya. Haka suke yi kullum. Maganar gyara kuwa, ba a gida za a ajiye kwamfutar ba balle a ce wuta, haya ake kamawa a intanet, kuɗi kaɗan ne. Ku fara da 'yan ƙungiya, sauran za su biyo.

Malamin Lissafi, Marwa: To ashe dai hayar ce.

Mai Albasa, Garwa: Malam ba ka gane ba. Takarda ba ta magana. Yawancin mutanenmu ba sa rubutu, murya suke turowa, mutum ya ce na karɓi buhu kaza a kan sefa kaza, in ya musa sai in kunna masa muryarsa a gaban dattawa. Baffa da littafinsa sau nawa aka ƙaryata shi? Ni ban yi kuskure ba da na koma waya. Kuɗin kuma ba shi ne matsalar ba, na ma riga na ba yaron wani abu ya fara.

Hajiya Mai Atamfa, Njamena: Ka riga ka ba shi? Daga aljihunka ko na ƙungiya?

Dattijo, Kusseri: Ɗana, kar ka kai maganar nan zaman Juma'a. Ka fara zuwa ka gaida ɗan baffanka, ka nuna masa lissafin da idonsa.

Injiniya, Ngaundere: Baba da girmanka, wannan maganar fasaha ce. Yaya ka turo min lambar yaron in duba abin da ya kafa, kar ya bar rajista a buɗe kowa ya shigo.

Mai Albasa, Garwa: Baba in sha Allah, amma ba ni na yi masa laifi ba. Har yanzu dai ba wanda ya amsa min ainihin abin da ke damuna. Muryoyin nan na shekarun baya, in na tashi za su biyo ni, ko can za su zauna wurin sababbin masu kamfanin? Kuma su suna iya saurare?

Direban Titin Kudu: Ni dai in za a ce a sake sa wata manhaja, wayata ta cika.