Wace lamba zan rubuta a ƙofar gida, kuma yaya za a riƙa ganinta da dare?

Abu Sumayya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan lambar gida, musamman daga masu zanen allo da masu kai saƙo a babur, in akwai su a nan.

Ina zaune a cikin sababbin unguwannin da ke bayan sabuwar Jami'ar Bayero a Kano. Layinmu dogo ne, kusan kowa baƙar get gare shi, katangu duk filasta ce ba fenti. Mahaifiyata tana wurina, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta. Duk ranar da ta turo abokiyar aikinta a madadinta, sai na fita bakin titi da waya a kunne: "wuce masallaci, wuce mai caji, a'a kin zarce, dawo baya." Da rana da sauƙi. Fargabata ita ce jikin Hajiya ya tashi cikin dare ba na gida, daga matata sai yara, mai mota yana ta kai-kawo a layin bai gane ƙofar ba.

Bangona lambobi uku ne a jiki: ta alli da masu allurar shan-inna suke rubutawa, ta jan fenti da ma'aikatan lantarki suka fesa, da wata tsohuwa da na tarar. Ga kuma lambar fili a takardata. Wacce zan ɗauka? Sannan wane girma, wane launi, a ina zan kafa ta? Layinmu babu fitilar titi.

Baba Mai Zane

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗana, abu na farko, kada ka rubuta a jikin ƙyauren get. Mutane da yawa nan suke sawa, to da an wangale ƙofa lamba ta koma ciki, kuma daren da ake jiran mai mota ai a buɗe za a bar ta. A jikin ginshiƙin get ake sawa, ɓangaren da aka fi shigowa layin ta wurinsa.

Girma kuwa, mu lissafinmu shi ne inci ɗaya ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Mai mota yana bukatar ya karanta tun da sauran kamar ƙafa 60 ya iso, don ya samu damar taka birki. Ka ga inci 6 ke nan, kada ka yi ƙasa da haka. Kaurin jikin lambar ya kusa inci ɗaya. Kuma don Allah a bar rubutun ƙawa mai lanƙwashe-lanƙwashe. Daga nesa 3 tana komawa 8, 1 tana komawa 7. Na sha ganin gida na miliyoyi an manna masa 'yar lamba ruwan gwal a kan tayil ruwan ƙasa, sai ka zo daf da ita kana ƙanƙance ido kafin ka karanta.

Launi, fari a kan baƙi ko a kan shuɗi mai duhu. Ka guji ja, shi rana take fara cinyewa, balle in bangon yana kallon yamma. Fentin ruwa ma bar shi, damina ɗaya ya isa ya wanke.

Tunda babu fitilar titi, ga abin da nake yi wa mutane: a yanko farantin alminiyom, a shafe shi da baƙin fentin mai, a bari ya bushe sosai, sannan a yanka lambar daga farar sitika mai ƙyalli, irin wadda ake manna wa bayan tirela. Ba ruwanta da wuta ko batir. Hasken mota ko na babur yana dukanta za ta mayar wa direba da shi. Lokacin hunturu a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura tana kashe ƙyallin.

Ɗan Saƙo

Oga, ni kullum a kan babur nake wuni ina neman gidajen mutane, duk abin da Baba ya faɗa haka ne. Abin da zan ƙara shi ne tsayi. Fitilar babur ƙasa take haskawa, in ka kai lambar can saman get kusa da wayar tsaro ba za mu gan ta ba. Daidai ƙirjin mutum ya isa. Ka fito da dare da tocila, ka taka zuwa gida na huɗu, ka juyo ka haska. Sannan ka gwada ta ɗaya ɓangaren. A nan za ka gane ko reshen darbejiya, ko rumfar shago, ko motar maƙwabci ta tare.

Turo lokeshan ta WhatsApp yana taimakawa, amma layi kawai yake kawo ni. Sai in tsaya ga get huɗu iri ɗaya, ga kwastoma mace ce ba za ta fito ba, ga yaran ba sa gida. Kuma gaskiya lambarka kai kaɗai ba za ta yi min aiki sosai ba. In na ga 14 a gida guda, sauran babu komai, ban san gaba zan yi ko baya ba. In na ga 8, na ga 10, na san saura gida biyu.

Injiniya Kabuga

A kan tambayarka ta farko, babu ko ɗaya cikin ukun da ke bangon da za ka ɗauka. Rubutun alli na masu rigakafi bayanin aikinsu ne, ranar da suka zo da yaran da suka samu, shi ya sa yake canzawa kowane zagaye. Na lantarki kuma don lissafin abokan hulɗarsu ne. Lambar fili ta fi su ƙarfi tunda tana takarda, sai dai ba kullum take bin jerin gidaje ba, musamman inda aka raba fili biyu ko aka haɗe biyu wuri guda. Lambar aika wasiƙa (postcode) ta hukumar gidan waya, NIPOST, mai alƙaluma shida, wadda ta cikin Kano take farawa da 700, yanki take nunawa ba gida ba.

Ku fara da mai unguwa, sannan ku tuntuɓi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ku ji ko an riga an ba layinku suna da lambobi. In an bayar, ita za ku bi ko da ba ta yi muku daɗi ba. In ba a bayar ba, ku zauna ku jera daga bakin babban titi, 1, 3, 5 a hannu ɗaya, 2, 4, 6 a ɗaya hannun. Kango da filin da ba a gina ba a ƙidaya su, in ba haka ba gobe sai an sake lissafi. A kafa allon sunan layi a mashiga, domin ko lambar gaggawa ta 112 aka kira, ko 'yan kwana-kwana, sunan layi za a fara tambaya.

Hajiya Zango

Ɗan'uwa, sannu da jinya. Mu nan Kumasi tun 2017 gwamnati ta kawo GhanaPostGPS, kowane wuri yana da lambarsa a waya, gidaje da dama ma an kafa musu ɗan allo. Amma lambar doguwa ce, haruffa da alƙaluma, tsohuwa ba za ta riƙe ta ba. Ni na rubuta tamu da sunan layi a kwali da manyan baƙaƙe, na liƙa a bayan ƙofar falo. In hankali ya tashi mutum har sunan unguwarsu yana iya ɓace masa. Ka yi wa matarka da yara haka.

Sani Gwammaja

Ni fa ina da ja. A wannan zamani na rashin tsaro, ka sa gidanka yana ƙyalli da dare? Wasu maƙwabtan ma za su ce hanyar karɓar haraji ce.

Abu Sumayya

Malam Sani, na fahimce ka, kuma na san zan ji irin wannan a layinmu. Suna dai ba zan rubuta ba, ko nawa ko na gidan, lamba kawai. Amma mai mugun nufi ba ya zuwa sai ya riga ya san ƙofar. Wanda rashin lamba yake ɓatarwa baƙo ne da muka kira da kanmu, kuma muke Allah-Allah ya iso.

Na gode muku ƙwarai. Zan sami mai unguwa bayan sallar Juma'a, in kuma ce wa maƙwabta mu haɗa kuɗi a yi mana allunan iri ɗaya. Baba, in kuɗin bai kai ba, za a iya manna sitikar kai tsaye a jikin filasta?

Baba Mai Zane

A'a ɗana, ba ta kama filasta, zafin Afrilu yana zuwa za ta ɗago. In alminiyom ya yi tsada ku je wurin masu kwanon rufi ku sayi rarar shafaffen kwano, falle ɗaya zai fitar da na gidaje da yawa. A goge bakin da zarto mai laushi saboda hannun yara, a kafa da ƙusar kankare a kusurwa huɗu. Ka kawo min jerin lambobin gaba ɗaya in an daidaita, yankan jimla ya fi sauƙi.