Sunana ya fito a tallafin taki amma ko buhu ban gani ba

Ɗan Soba: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Tun rasuwar mahaifinmu gonar gandu tana hannuna, ni ne babba, ƙannena mata duk sun yi aure, autanmu yana karatu a Zariya kuma ni ke ɗauke da shi. Masara nake yi, sai ɗan waken suya a gefe. Kafin damina Baffana, wanda shi ya yi min walicci, ya karɓi hotona da lambar BVN da NIN, wai ƙungiyarsu za ta sa ni cikin tallafi. Jiya wani abokina ya ce ya ga sunana a takardar waɗanda suka karɓa, har da dangwale. Ni kuwa bashin takin kamfa na ci a kasuwa, ga masara ta kai gwiwa ta fara ɗorawa, takin yuriya take nema. In tunkare shi ko in yi shiru?

Malam Na-Saminaka: Ƙanina, ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba: kyauta ce ko rance? BVN ba a neman ta don kyauta. Haka aka yi a shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Mutane suka ɗauka rabonsu ne na gwamnati, alhali bashin Babban Banki ne da ake biya da amfanin gona. Gobe da sassafe ka je bankinka a duba maka.

Maman Husna: Kai ma ka samu an rubuta sunanka. Mu ƙungiyar mata an tara mu a rana, an ɗauki hotonmu riƙe da buhu, ana gamawa aka mayar da shi mota.

Abu Tela: Malam, ba kullum ba. Yanzu ko na kyauta sai an nemi lambobin nan don tantancewa. Kada ka ɗaga masa hankali.

Malam Na-Saminaka: Abu, ɗinki ka sani. Ina noma tun kafin tsarin waya na zamanin Jonathan, lokacin da saƙo ke shigowa ka je ka biya rabin kuɗin buhu biyu. Ko a nan, masu amsar takin wasu ne suka ci. Na ce rance ne.

Ɗan Soba: Baffa fa ba ɓarawo ba ne. Wataƙila shugaban ƙungiya ne ya riƙe. Kuma da ban ba shi lambobin ba, ai cewa za a yi na raina shi.

Injiniya: Maƙwabcina a Kawo ko fartanya ba ya da ita, buhu yana shiga gidansa duk shekara, ya sayar wa 'yan kasuwa. Ka samu mai unguwa ya yi wa Baffanka magana cikin sirri.

Maman Husna: Mai unguwa? Ai da su ake rubuta sunayen.

Malam Na-Saminaka: Banki tukuna, sannan malamin gona na yankinku ya nuna maka takardar da idonka. Dangwalen wa ke kai?

Ɗan Soba: Kai maganar waje tonon asiri ne, 'yar Baffa ce fa a ɗakina. Akwai wanda ya san mai ba da yuriya bashi zuwa kaka?

Abu Tela: Buhu nawa?