Shawarwarin Masana Kan Tara Sulallan Azurfa

Masu harkar azurfa kan nanata batun awo don gane jabun sule. Sulen oza ɗaya giram 31.1 ne, don haka a ɗora shi a sikelin maƙera kafin a biya. A auna faɗi ma: Silver Eagle na Amurka milimita 40.6 ne, Maple Leaf na Kanada 38. Jabu yakan cika nauyi amma ya zarce a kauri. Idan maganaɗisu ya kama shi, ba azurfa ba ce, sai dai tagulla ma ba ta kamuwa, don haka gwajin kaɗai bai isa ba.

Farashi yana bin kasuwar duniya da canjin dala, sannan ribar dillali. Kada a goge sule ko ya yi baƙi, gugar tana rage darajarsa. Da damina a rufe shi nesa da danshi da robar ɗauri.