Sulalla masu hoton itace: ina za a samu a Legas?

Maman 'yan biyu: Salam jama'a. An ba ɗiyata aiki a makaranta ta kawo sulalla masu hoton tsiro ko bishiya, ni kuwa rabona da riƙe kwabo har na manta. Don Allah ina zan nufa?

Baba na Agege: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki ƙona kuɗin mota ki fara da gwangwanin tsohuwa a gida. Na 1973 kaɗai sun ishe ki: rabin kwabo auduga, kwabo 5 koko, kwabo 10 bishiyar kwakwar manja, kwabo 25 gyaɗa har da dalarta irin ta Kano. Na 1959 kuma taro auduga ne, sisi koko, fataka (sule biyu) gyaɗa. Abin da muke nomawa shi muke kashewa a lokacin, kwabo 1 ne kawai aka sa masa rijiyar mai.

Mai canji: Baba ya gama magana. Na waje kuwa Hajiya ki zagaya wajen 'yan canji a Broad Street, sulalla ba sa canjuwa don haka suna nan zube a durowa, wani ma kyauta zai baki in kin iya gaisuwa. Ki tambayi senti 1 na Kanada mai ganyen bishiyar mapul, tun 2012 suka daina buga shi, da ƙananan senti na yuro na Jamus masu reshen bishiyar oak.

Malamar Idi-Araba: Kar a manta da alhazai fa! Halalar Saudiyya akwai dabino da takubba biyu, duk gidan da aka je Makka sai an samu a ƙasan jaka. Ni dai wanda ya fi burge ni yen 5 na Japan ne, zangarniyar shinkafa ga huda a tsakiya sak kwabonmu na da.

Maman 'yan biyu: Allah ya saka. Na sami kwabo 25 guda biyu wajen surukata amma sun yi baƙi ƙirin, in goge da toka da lemon tsami?

Mai canji: A'a wallahi kar ki fara! Gogewa na cinye zanen, darajar ma ta faɗi. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki tsane da tsumma mai laushi.

Baba na Agege: Kuma ki mayar wa surukar taki da kayanta bayan an gama, tsofaffi na ƙirga abinsu.