Ƙaramin P/E yana nufin hannun jari ya yi araha?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan'uwa. Ga kamfanoni biyu masu sana'a iri ɗaya, P/E na ɗaya 5, na ɗayan 18. A ido dai na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba. To me ya hana mutane rububinsa? Ko akwai lauje cikin naɗi?

Malam_Mai_Lissafi:
Galibi akwai, ɗan'uwa. P/E shi ne farashin hannun jari ɗaya a raba da ribar da ya samu a shekara. Farashi 50, riba 10, ka sami 5. Tambayar ita ce daga ina goman nan ta fito. Buɗe rahoton shekara ka bi ta. In kamfanin fili ya sayar, ko wani reshensa, har 6 daga cikin goman daga can take, to ribar sana'a 4 ce kacal, P/E na gaskiya ya koma 12.5. Filin kuwa ya tafi, baɗi babu abin sayarwa.

Sai kamfanonin da kasuwarsu ke hawa da sauka, irin na ƙarfe, mai da jiragen dakon kaya. P/E ɗinsu ya fi ƙanƙanta daidai lokacin da riba ta kai ƙololuwa, tana dab da juyawa. Irin waɗannan, matsakaicin ribar shekara biyar zuwa goma ake ɗauka, ba ta bara kaɗai ba.

Hajiya_Odita:
Gaskiyar Malam ne, sai dai shafin shige da ficen kuɗi ya kamata ka fara buɗewa. Kamfani yakan rubuta ciniki da zarar ya miƙa kaya, ko da ba a biya shi ba. Jera ribar shekara biyar gefe da gefe da tsabar kuɗin da sana'ar ta shigo da su. In riba tana hawa kuɗi suna tsaye cik, duba bashin da yake bin kwastomomi. Ciniki ya ƙaru da kashi 10, bashin ya ƙaru da kashi 40? Tura kaya ake yi don takarda ta yi kyau. Haka ma in haja tana ta taruwa a sito.

Daga tsabar kuɗin nan cire abin da aka kashe kan injuna da gine-gine. Ragowar ita ce ake raba wa masu hannun jari. In rabon ya fi ta shekara bayan shekara, da rance ake biyanku. Sannan ɗauki ribar da aka samu kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, ka ga ninki nawa ce ta kuɗin ruwan da kamfanin ke biya a shekara. Ƙasa da ninki biyu, kakar ciniki ɗaya mara kyau ta isa ta durƙusar da shi. Banki daban ne fa, shi bashi ne hajarsa. A can sai ka gwada farashi da darajar kadarar da ta rage bayan an cire basussuka, ka kuma duba yawan rancen da ba a biya.

Ɗan_Jadawali:
Ka leƙa jadawalin farashi ma. In farashi ya daɗe a ƙarƙashin matsakaicin farashin kwana 200 da suka wuce, masu sayarwa ne ke da rinjaye. RSI, wato ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, na kwana 14 in ya sauka ƙasa da 30 akan ce an zubar da hannun jarin fiye da kima, amma yana iya shafe makonni a can farashi na ci gaba da zurarewa. Lokacin shiga yake taimaka maka da shi, ba zaɓen kamfani ba.

Malam_Mai_Lissafi:
Kada a manta da mai 18 ɗin. In ribarsa tana ƙaruwa da kashi 20 duk shekara, bayan shekara uku wanda ya saya a farashin yau tamkar a P/E 10.4 ya saya. Amma ribar hannu ɗaya za ka duba, domin in yana ta fitar da sababbin hannayen jari, ribar kamfani za ta hau, kasonka yana nan inda yake.