Daga ina ake fara tono tarihin ƙauye a Ingila?

Tambaya: Jama'a, ina son bin tarihin wani ƙaramin ƙauye a Ingila. Wace takarda zan fara nema?

Amsa ta 1: Malam, fara da rajistar cocin ƙauyen. Tun 1538 aka wajabta rubuta baftisma, aure da jana'iza, amma litattafan farko da yawa sun lalace. In ka tarar da giɓi, nemi kwafin da a zamanin da ake aika wa bishof duk shekara. Ka kula da kwanan wata: kafin 1752 sabuwar shekara tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka Fabrairun 1700 a rajista, Fabrairun 1701 ne a lissafinmu. Nan masu bincike suka fi tuntuɓe.

Amsa ta 2: Haka ne. Ka haɗa da taswirar ushirin coci, wato kason amfanin gona da ake ba coci a da, wadda aka zana bayan dokar ushiri ta 1836. Kowace gona da lambarta, sunan mai ita da mai nomanta kuma suna cikin takardar da ke tare da taswirar. Akwai kwafi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, a birnin Landan.

Amsa ta 3: Kada takarda ta hana ka duba ƙasa, ɗan'uwa. Tsofaffin kunyoyi a makiyaya shaidar noman zamanin da ne, kuma sun fi fitowa da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ta miƙe. Haƙa kuwa sai da izinin mai fili.